Kifin karp: abin girmamawa a Turai da Asiya, annoba a Amurka da Ostareliya

Karp kifin ruwa mai daɗi ne da masana ke kira Cyprinus carpio, sunan da masanin ƙasar Suwidin Linnaeus ya raɗa masa a 1758. Yana cikin kifayen da aka fi kiwo a duniya, domin abin da ake fitarwa daga tafkunan kiwo ya kai wajen ton miliyan 4 a kowace shekara. Yana kuma cikin jerin halittu 100 mafi ɓarna idan suka shiga ƙasar da ba tasu ba, jerin da masanan ƙungiyar kare halittu ta IUCN suka tsara. A Ingila mai fatsa yakan kwana uku a bakin tafki don ya kama shi, ya ɗauki hoto, ya mayar da shi ruwa. A wasu jihohin Ostareliya kuwa, wanda ya mayar da shi ruwa da rai ya taka doka.

Sai dai a lura da suna. Kifin da masu sayarwa a Yamai, Maraɗi ko Damagaram ke kira karp da Faransanci, karfasa ce, wato tilafiya. Turawan mulkin mallaka ne suka laƙaba mata sunan kifin da suka sani a gida. Wanda ake magana a kai a nan daban yake, danginsu ma ba ɗaya ba ne.

Siffarsa da rayuwarsa

Asalin karp kogunan da ke zuba a Baƙin Teku da tekunan Kasfiyan da Aral ne, musamman kogin Danub, kuma yana da ɗan'uwa na kusa a gabashin Asiya. Jikinsa kakkaura ne, launinsa tsakanin ruwan zinariya da ruwan ƙasa, yana da gashin baki guda huɗu gajeru. Ba shi da haƙora a baki, a maƙogwaro suke, da su yake murƙushe dodon-koɗi da ƙwayoyin tsirrai. Akwai mai cikakken ɓawo, akwai mai manyan ɓawo jefi-jefi da ake kira karp madubi, akwai kuma wanda kusan babu ɓawo a jikinsa.

A ƙasan ruwa yake kiwo. Yakan zuƙi taɓo, ya tace tsutsotsi da ƙwari, ya furzar da sauran. Yana jure ruwa mai ɗumi, mai datti, mai ƙarancin iska, inda wasu kifaye ke mutuwa. Mace guda takan zuba ƙwai wajen 300,000 a lokaci ɗaya, kuma kifin yakan yi shekaru gommai a raye. Waɗannan halaye su suka sa manomin kifi ke son sa, su ne kuma suka sa ya gagari hukumomi a inda ba a bukatarsa.

Sin, Japan da Iraƙi

A ƙasar Sin kiwon karp ya haura shekaru 2,000. Littafin kiwon kifi mafi tsufa da aka sani, wanda ake jingina wa Fan Li na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, a kan karp yake. A zamanin daular Tang, sunan gidan sarauta Li ne, kuma haka ake furta sunan kifin, don haka aka hana kama shi da cin sa. Wannan hani ya tura manoma ga wasu dangoginsa huɗu: mai cin ciyawa, mai ruwan azurfa, mai babban kai da baƙi. Akwai kuma tatsuniyar karp da ya haura gangaren ruwa a kogin Huang He ya rikiɗe ya zama dodo mai daraja, wadda ake buga misali da ita ga ɗalibin da ya ci jarrabawa mai wuya.

A Japan, duk ranar 5 ga Mayu, ranar yara, iyalai na ɗaga tutocin ƙyalle masu siffar karp a kan gidaje, suna fatan ƴaƴansu su tashi da juriya. A yankin Niigata ne manoman shinkafa suka fara zaɓen masu launi a ƙarni na 19, har aka samu kifin ado da ake kira koyi. A 2018 an yi gwanjon wata koyi a kan yen miliyan 203, kimanin miliyar ɗaya ke nan na kuɗin sefa a lokacin.

A Iraƙi kuma abincin alfahari ne. Masguf, gasasshen kifin da Bagadaza ta yi suna da shi, karp ne da ake tsagawa ta baya, a kafa shi a tsinke a gefen wutar itace, kamar yadda ake kafa tsire.

Tsakiyar Turai: kifin daren Nowel

Rumawa sun yi kiwonsa, daga baya gidajen masu zaman zuhudu na Kirista suka yaɗa shi a Turai. Dalili shi ne ranakun azumin coci, waɗanda ake hana cin nama amma a halatta kifi, ga kuma garuruwan da ke nesa da teku. A kudancin ƙasar Cek, kewayen garin Trebon, an haƙa ɗaruruwan tafkuna. Mafi girmansu, Rozmberk, an gina shi daga 1584 zuwa 1590, faɗinsa ya kusa hekta 500, kuma har yau ana fitar da kifi daga cikinsa.

A Cek, Folan da Sulobakiya, soyayyen karp shi ne abincin daren jajibirin Nowel, wato Kirsimeti. Ana sayar da shi da rai a manyan bahuna a bakin titi, kuma a al'adance iyali kan ajiye shi a bahon wanka kwana ɗaya ko biyu kafin a yanka. Wasu kan sa ɓawonsa ɗaya a jakar kuɗi don fatan arziki. A waɗannan ƙasashe, mutumin da ya kama karp ya kai gida ya yi abin da kakanninsa suka saba.

Ingila da Faransa: a kama, a auna, a saki

A Ingila an daɗe ana ɗaukar babban karp a matsayin kifin da wayonsa ya fi ƙarfin fatsa. Ranar 13 ga Satumba 1952, Richard Walker ya kama mai nauyin kusan kilo 20 a wani ɗan tafki mai suna Redmire. Bai kashe ta ba. An kai ta gidan namun daji na Landan, inda ta zauna kusan shekaru 20 da sunan Clarissa, mutane na zuwa kallo. A 1980 Chris Yates ya kama mai kilo 23 a tafkin. Daga nan fatsar karp ta zama sha'awa mai dokokinta da kasuwarta.

Dabaru biyu ne suka sauya ta. Ta farko ƴan dunƙulen gari da ƙwai da kayan ƙamshi da ake dafawa su yi tauri, yadda ƙananan kifaye ba sa iya gutsura. Ta biyu ta fito a ƙarshen shekarun 1970 daga Len Middleton da Kevin Maddocks: maimakon a soke abincin a ƙugiya, sai a ɗaure shi da siririn zare a ƙarƙashinta. Kifi ya zuƙe shi, ya ji bai yarda ba, ya furzar, sai ƙugiyar ta kama leɓensa. Yau mai fatsa kan zo da tanti, da sanduna biyu ko uku, da na'urar da ke ƙara idan an ja zare, da katifar da ake shimfiɗa kifin a kai don kada ya ji rauni. Wasu har magani suke shafa wa inda ƙugiya ta huda.

Manyan kifaye suna da sunaye, an kuma san su ɗaya-ɗaya. Wata mai suna Benson, mai kusan kilo 29, an kama ta fiye da sau 60, kuma da ta mutu a 2009 manyan jaridun ƙasar sun ba da labarin. Ga mai tafki, irin wannan kifi jari ne, domin shi ke kawo masu biyan kuɗin shiga.

Faransa ta bi sahu. Tafkin Saint-Cassien da ke kudu ya yi suna tun shekarun 1980, kuma Ingilawa kan tsallako don kifayensa. Fatsar dare haramun ce a ƙasar, in ban da ta karp a wuraren da hukuma ta ware. Doka ta kuma hana mai fatsa ɗaukar karp mai rai da ya wuce santimita 60, saboda masu satar manya daga kogunan jama'a suna sayar wa masu tafkunan kuɗi. Duk da haka a kudancin Alzas soyayyen karp abincin gargajiya ne. Ɗaya daga cikin mafi nauyi da aka taɓa kamawa da fatsa, mai fiye da kilo 51, a wani tafkin kuɗi na Hangari aka same shi a 2018.

Inda al'adu suka yi karo

Bayan ƙasashen gabashin Turai takwas sun shiga Tarayyar Turai a 2004, dubban ɗaruruwan ma'aikata, mafi yawansu ƴan Folan, sun koma Birtaniya. Wasu sun je fatsa, suka tafi gida da abin da suka kama. Ƴan ƙasa suka kira abin sata, baƙin kuma suka kasa gane amfanin wahalar da kifin da ba za a ci ba. A 2010 an tsaurara doka a Ingila: a kogi an ƙayyade yawa da girman kifin da za a iya ɗauka, a tafki kuma sai da izinin mai shi. Ƙungiyar masu fatsa ta Angling Trust ta ɗauki ma'aikata masu jin harsunan baƙin don bayyana musu ƙa'ida. Abin ya kai har wani mai tafki ya kafa allon hana ƴan gabashin Turai shiga, aka tilasta masa cire shi saboda wariya ce.

A Jamus lissafin ya juye. Dokar kare dabbobi ta hana cutar da dabba ba tare da dalili mai ƙarfi ba, kuma neman abinci dalili ne, neman hoto kuwa ba dalili ba ne. An taɓa cin tarar masu fatsa saboda sun kama karp don hoto sun sake shi. Dokar Suwizalan ta 2008 ma ta hana fita fatsa da niyyar saki. Abin da Ba'ingile ke gani tausayi, shi alƙalin Jamus ke iya kira zalunci. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Amurka: daga kyautar gwamnati zuwa kifin banza

Gwamnati ce da kanta ta yaɗa karp a Amurka. A 1877 hukumar kifi ta ƙasa ta shigo da guda 345 daga Jamus, ta hayayyafa su, ta yi ta rabawa a jirgin ƙasa ga duk mai so, don samar da abinci mai araha. Kafin ƙarshen ƙarnin farin jininsa ya dushe. Wanda aka kamo daga gurɓataccen kogi warin taɓo yake yi, namansa cike da ƙananan ƙayoyi, ga shi ana ganin sa abincin talaka da baƙin haure. Masu fatsa suka sa shi cikin kifin banza, wasu kuma suka mayar da harbin sa da kwari da baka wasa.

A shekarun 1970 an shigo da danginsa na Asiya jihar Akansas don tsabtace tafkunan kiwo. Suka tsere zuwa kogin Misisifi, suka mamaye shi da rassansa. Mai ruwan azurfa yakan yi tsalle har mita 3 idan ya ji ƙarar injin kwalekwale, yana jikkata mutane. Tun 2002 akwai shingen lantarki a cikin ruwa kusa da Shikago don hana su isa Manyan Tafkuna. A watan Yunin 2022 jihar Ilinoi ta sauya musu suna a kasuwa zuwa Copi, ko mutane za su yarda su ci. A gefe guda, akwai ƴan tsirarun masu fatsa da suka ɗauki salon Turai, har an yi gasar duniya ta karp a kogin Saint Lawrence a 2005.

Ostareliya: yaƙi a fili

Wani irin karp da aka yi kiwo a jihar Biktoriya a shekarun 1960 ya shiga koguna, ambaliyar tsakiyar shekarun 1970 kuma ta watsa shi cikin kwarin Murray da Darling, inda ƙasar ta fi noma. A wasu sassan, karp ya kai kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na nauyin dukkan kifin da ke ruwa. Tonon da yake yi yana dagula ruwa, yana tumɓuke tsirrai, hasken rana ya kasa shiga, kifayen gida su rasa wurin ƙwai. A jihar Kwinslan, wanda ya kama shi dole ya kashe shi ya binne ko ya jefa a shara. Wani kaso ana mayar da shi takin lambu.

A 2016 gwamnati ta ware dalar Ostareliya miliyan 15 don nazarin sakin wata ƙwayar cuta da ke kashe karp kaɗai. An miƙa rahoton a 2022, hukumomi suka nemi ƙarin bincike. Babbar fargaba ita ce tarin matattun kifi da za su ruɓe a kogunan da garuruwa ke sha. Masu kiwon karp a Turai da Japan kuwa, wannan cutar ce suke kashe kuɗi don gujewa.

A Afirka

An kai karp Afirka ta Kudu tun ƙarni na 19, kuma fatsarsa na da magoya baya sosai a can. A Madagaska ana kiwonsa a fadamun shinkafa. A Najeriya an shigo da shi gonar kifi ta Panyam da ke tsaunukan Filato a shekarun 1950. A Kenya ya kuɓuce daga wata gonar kifi ya shiga tafkin Naibasha a wajen 1999, cikin ƴan shekaru ya zama mafi yawan abin da masunta ke kamawa.

Tarihin nan ya nuna abubuwa uku da ke yanke wa karp hukunci: ko mutanen wurin sun saba cin sa, ko yana cikin tafkin da ake iya zuƙewa ko a kogin da ba shi da ƙofa, da kuma wanda ke samun kuɗi da shi. Batun ya shafi duk ƙasar da ke zuba kifi a tafkuna don ciyar da jama'a, kamar yadda ake yi a Nijar da karfasa da tarwaɗa, waɗanda dama ƴan gida ne. Sakin baƙon kifi aikin yini ɗaya ne. A tsibirin Tasmaniya an gano karp a tafkuna biyu kacal a 1995, amma sai da aka shafe fiye da shekaru 25 ana jefa koma kafin a shawo kansa.