Waji da Ƙafar Hagu: Tarihin Tuƙin Lodi a Ƙasar Gumel

Wanda ya dubi ƙasar Gumel daga nesa, ya ga shimfiɗaɗɗen fili tun daga Gagarawa har Maigatari, zai zaci babu abin da direba zai koya a nan game da tada mota a kan hawa, alhali kuwa jigayin yashin da suka ratsa wannan nahiya sun horar da ƙafafun direbobi fiye da yadda duwatsu kan yi, domin dutse yana riƙe taya, yashi kuwa haɗiye ta yake yi.

Asalin al'amarin gyaɗa ce. Bayan da dogo ya iso Kano a 1911, aka miƙa shi zuwa Nguru a 1930 ta kan Ringim da Gagarawa, sai tashar Gagarawa ta zama ƙofar da amfanin gonar Gumel da Sule Tankarkar ke fita. Da farko jakuna da raƙuma ne ke kai buhunan, sannu a hankali manyan motoci masu bodin katako, irin su Bedford da Austin, suka karɓi aikin, a kan hanyoyin da ba su san kwalta ba. Waɗannan motoci ba su da rahama ga mai gaggawa. Da yawansu sai an taka kuloci sau biyu kafin giya ta shiga, birkinsu kuma ba abin dogaro ba ne idan lodi ya yi nauyi.

Saboda haka ne waji ya sami daraja. Guntun katako ne kawai, mai kauri, yana hannun yaron mota, amma rayukan fasinja da dukiyar fatake sun sha rataya a kansa. Idan mota ta mutu a tsakiyar tudu, kafin direba ya gama kiran waji yaro ya dira ya cusa shi bayan taya. Daga nan sai ilimin ya fara: direba ya sa giya ta ɗaya, ya ɗan ba da totur, ya riƙa ɗaga ƙafar hagu da tsananin natsuwa har ya ji muryar inji ta sauya, gaban mota ya ɗan girgiza, wanda shi ne alamar kuloci ya fara kamawa, a nan zai dakata, ya ƙara wuta gwargwado, ya saki birkin hannu. Idan ya yi garaje inji ya mutu, idan ya yi jinkiri a rabin kuloci faifan ya ƙone, warinsa ya tona asirinsa a gaban kowa. A kan yashi kuma akwai sharaɗi na uku, watau kada wutar ta wuce kima, don kada taya ta haƙa wa kanta rami, shi ya sa akan rage iskar taya, a shimfiɗa rassa ko zana. Motar na motsawa yaro zai fizge wajinsa, ya bi ta da gudu ya ɗafe.

A ganina wannan sana'a ta fi kama da karatun zaure, inda almajiri kan lazimci malami shekaru kafin a ba shi izini. Yaro yakan fara da wanki da ɗaure tamfol da gadin mota, yana ce wa maigidansa "Oga" ko "Maigida", kunnensa na haddace sautin inji tun ƙafarsa ba ta taɓa kuloci ba. Ranar da aka ce ya tada mota da lodi a kan tudu, ita ce jarrabawarsa ta haƙiƙa, lasin gwamnati daga baya yake zuwa.

Kan iyaka ya ƙara nasa darasin. Har zuwa 2 ga Afrilu 1972, lokacin canjin hannu, Nijeriya hagu take bi, Nijar kuwa dama, don haka mai zuwa Damagaram sai ya sauya hannu da zarar ya ƙetare.

Da gyaɗa ta ja baya, kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis, ta riƙe sana'ar. Lodin shanu ya fi na buhu wuya, domin kaya ne mai rai, fizga ɗaya ta isa ta kada sa a tattake shi. Masu kai su kudu ta hanyar Jos kuwa suna gamuwa da Hawan Kibo, su gangara da shanu, su hauro da wani kayan. Bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, da kafa yankin ciniki maras shinge na Maigatari a zamanin Gwamna Saminu Turaki, tirelolin da ke bin hanyar Maigatari masu birkin iska ne, kwalta kuma ta rufe yawancin jigayin da ake tsoro, sai dai motocin da ke shiga kasuwannin ƙauye har yanzu a yashi suke koyar da yaransu.