Ragon Dutse: Dabbar Asbin Da Ta Ƙaranta A Gida, Ta Yawaita A Amurka

Matafiyin da ya bar Babura ya tsallaka iyaka ta Baban Mutum, ya wuce Magarya da Damagaram da Damargu, sai ya dangana da Agadas kafin ya shiga ƙasar ragon dutse. Duwatsun Kazaure da Roni ba mazauninsa ba ne. Gidansa tsaunukan Asbin ne da Termit, da sauran duwatsun Sahara har zuwa Maroko.

A farkon 1920 wani Bature ɗan Sikotland, Angus Buchanan, ya tashi daga Kano ya nufi Asbin, yana tara tsuntsaye da namun daji domin gidan tarihin Lord Rothschild da ke Tring a Ingila. Cikin abin da ya harbo akwai ragon dutse. A 1921 Rothschild ya bayyana na Asbin a matsayin reshe na daban, ya raɗa masa suna angusi, wato sunan maharbin. Mutanen da suka zana siffarsa a jikin duwatsun Sahara tun dubban shekaru kuwa, babu wanda ya san sunansu.

Ko da yake ana ce masa rago, a halitta ya fi kusa da akuya. Namiji kan wuce kilo 100, ƙahonsa ya lanƙwasa baya, ga dogon gashi da ya zubo daga maƙogwaro zuwa ƙirji da ƙafafun gaba. Macen takan yi kimanin kwana 160 da ciki, ta haifi ɗaya, wani lokaci biyu. Yakan daɗe bai sha ruwa ba, domin raɓa da danshin ganye sun ishe shi. Kiwonsa da sassafe ne da yamma, da rana kuma ya fake a inuwar dutse. Babbar dabararsa ita ce idan ya ji motsi sai ya tsaya cik, launin jikinsa ya saje da na dutse, maharbi ya wuce bai gan shi ba.

Wannan dabara ta yi masa rana muddin farauta ta karnuka ce da tarko, irin wadda Buzaye suka gada. Da bindiga mai jigida da mota suka iso, tsayuwa cik ta zama ajalinsa. Farin shekarun 1970 da 1980 ya ƙara tura garkunan awaki cikin kwazazzaban da yake kiwo. Nijar ta kafa gandun Ayar da Tenere a 1988, UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1991, amma shekara guda bayan haka tawaye ya jefa shi jerin waɗanda ke cikin haɗari. An ƙara da gandun Termit da Tin-Tumma a 2012.

A can Amurka kuwa, an sake shi a jihar New Mexico a 1950, sannan a kwarin Palo Duro na Texas a 1957, domin nishaɗin mafarauta. Ya hayayyafa har hukumomi na kukan yana cinye abincin ragon dajinsu na asali, kuma a Texas, mai lasisi na iya harbinsa a kowane wata na shekara.