Ƙirar Poligon a Kwamfuta

Ƙirar poligon dabara ce ta gina siffar abu mai tsawo da faɗi da kauri a cikin kwamfuta, ta hanyar harhaɗa ƙananan fuskoki shimfiɗaɗɗu. Da ita ake ƙera yawancin mutane da motoci da gine-ginen da ake gani a wasannin bidiyo da finafinan katun na 3D. Ginshiƙanta uku ne: ɗigo, wanda lambobi uku ke nuna wurin da yake, gefe, wato layin da ya haɗa ɗigo biyu, sai fuska, wadda gefuna uku ko fiye suka kewaye. Tarin fuskokin da aka ɗinke wuri guda shi ake kira raga. Akwati, alal misali, raga ce mai ɗigo 8, gefe 12 da fuska 6.

Matsalar da ta dabaibaye fannin tun farko ita ce, abubuwan duniya masu lanƙwasa ne, fuskar poligon kuwa a miƙe take. Tarihinsa duka neman hanyar samun santsi ne daga fuskoki kaɗan waɗanda na'ura za ta iya ɗauka.

Asali

A 1963 Ivan Sutherland ya gabatar da manhajar Sketchpad a cibiyar MIT ta Amurka, inda mutum ke zana layuka a allon kwamfuta da alƙalamin haske. A wannan shekarar Lawrence Roberts ya nuna yadda kwamfuta za ta ɓoye layukan da ke bayan abu, don kada siffa ta zama tarin waya mai rikita ido.

Jami'ar Utah ce ta zama cibiyar aikin. David Evans ya kafa sashen kimiyyar kwamfuta a can a 1965, Sutherland ya same shi a 1968. A lokacin, da hannu ake awon komai. A 1972 Edwin Catmull ya yi kwafin hannunsa na hagu da filasta, shi da Fred Parke suka zana masa fuskoki kimanin 350 da tawada, suka auna kowane ɗigo suka shigar a na'ura. Hannun da ya fito yana buɗewa yana dunƙulewa, har aka sa shi a fim ɗin Futureworld na 1976.

Neman santsi

Gyara na farko ta fuskar haske ya zo. A 1971 Henri Gouraud, ɗalibi daga Faransa, ya sa kwamfuta ta lissafa launi a kowane ɗigo, sannan ta narkar da shi a faɗin fuskar, sai mahaɗar fuskoki ta ɓace wa ido. Bui Tuong Phong, ɗan Biyetnam, ya ƙara a kai a 1973 da hanyar da ke fito da ƙyallin abu. Duka biyun ba su taɓa ragar ba, ido kawai suke ruɗa.

Gyara na biyu ya shafi ragar kanta. A 1972 Bruce Baumgart na Jami'ar Stanford ya tsara yadda kowane gefe zai riƙe bayanin ɗigoginsa biyu, da fuskoki biyu da ke jikinsa, da gefunan da ke maƙwabtaka da shi. Wannan ya sauƙaƙa yanka raga da ƙara mata ba tare da ta yage ba. A 1978 kuma Catmull da Jim Clark suka fito da dabarar rarraba fuska: kowace fuska mai kusurwa huɗu ta kasu huɗu, a matsar da ɗigogi zuwa tsaka-tsakin maƙwabtansu. Fuskoki 6 na akwati su koma 24, sannan 96, har ya kusa zama ƙwallo. Kamfanin Pixar ya yi amfani da ita a gajeren fim ɗin Geri's Game na 1997, wanda ya ci lambar Oscar. Daga nan mai ƙira zai iya aiki da ƙaramar raga, na'ura ta cika masa santsin.

Dabarun tushe

Hanyar da aka fi koyarwa ita ce farawa da dunƙulen siffa, akwati ko bututu, a yi ta sarrafa shi kamar yadda masassaƙi ke fitar da turmi daga gungume. Ana jawo fuska waje don ta tsiro da sabon reshe. Ana yanka zobe kewaye da jiki don a samu sababbin ɗigogi. Ana dakushe kaifin gefe don ya kama haske. Ana haɗe ɗigo biyu su zama ɗaya. Abu mai ɓari biyu iri ɗaya, kamar fuskar mutum, rabinsa ake ginawa, manhaja ta kwaikwayi ɗayan.

Wanda zai ƙera karan rake irin na Maƙarfi zai ɗauki bututu mai gefe takwas, ya yanka zobe uku kusa da juna a wurin kowace gaɓa, ya ɗan kumbura na tsakiya, sannan ya jawo fuska ɗaya ta zama idon rake. Masu ƙira sun fi son fuska mai kusurwa huɗu domin zobe na bi ta cikinta salin-alin. Amma idan aka zo nunawa a allo, na'ura kan farfasa komai zuwa alwatika, saboda ɗigo uku ba sa taɓa karkacewa daga shimfiɗa ɗaya.

Yaɗuwa

Kamfanin Autodesk ya fitar da 3D Studio a 1990, Maya ta biyo baya a 1998 daga Alias|Wavefront. Wasanni irin su Virtua Fighter na 1993 da Tomb Raider na 1996 sun tilasta wa masu ƙira tsimin fuskoki, shi ya sa mutanen cikinsu suke da kafaɗu da haɓa masu tsini. Manhajojin lokacin tsada gare su ƙwarai. Hakan ya sauya a 2002, lokacin da kamfanin Ton Roosendaal na ƙasar Holan ya durƙushe, masu amfani da manhajarsa ta Blender suka yi karo-karon Yuro 100,000 cikin mako bakwai suka fanso ta. A Oktoban shekarar aka sake ta kyauta ga kowa. Da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci Oscar a 2025, kuma ita ce ɗalibi a Ikara ko Kudan zai iya saukewa ba tare da biyan kuɗin lasisi ba.

A Najeriya, kamfanin Anthill Studios na Legas ya yi gajeren fim ɗin Malika a 2019, daga labarin Roye Okupe wanda ya samo jarumarsa daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. A Disambar 2020 aka saki Lady Buckit and the Motley Mopsters, wanda ake ɗauka a matsayin dogon fim ɗin katun na farko a ƙasar.

A yau na'urorin ɗaukar siffa da manhajojin sassaƙa irin su ZBrush na samar da raga mai miliyoyin fuskoki. Irin wannan raga ta yi nauyi ga wasa ko motsa jiki, don haka akan sake shimfiɗa mata wata mara nauyi a kai, a jera zobba a gwiwa da baki da ido inda jiki ke lanƙwasawa. Ƙwararru da yawa har yanzu da hannu suke wannan aikin.