Dokar ta iso Damagaram, labarin ya makara a hanya

Tsofaffin da muka tarar a unguwannin Birni da Zango na Damagaram, in za su ƙirga shekarunsu, sukan ce "lokacin yaƙin Hitila". Abin da ya zauna masu a rai shi ne tsadar tufafi, da hatsi da bisashen da ake karɓa da ƙarfi, da samarin da aka ɗiba soja, da iyakar da aka rufe har zuwa Kano ya koma sai a ɓoye. Ban taɓa jin ɗayansu ya ambaci Yahudawa a cikin wannan hira ba. Amma kuwa a waɗannan shekaru, dokar da ta ware Yahudawa daga sauran mutane doka ce a nan Damagaram, daidai yadda take a Marseille.

Ga yadda aka yi. A watan Yuni 1940 Jamus ta karya Faransa, Marshal Pétain ya kafa gwamnati a garin Vichy yana bin Jamusawa sau da ƙafa. Babban gwamnan Afirka ta Yamma da ke Dakar, Pierre Boisson, ya bi Pétain. Gwamnan Cadi kuwa, Félix Éboué, baƙar fata ɗan Guyane, ya koma wajen Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi bin Pétain, ranar 26 ga Agusta 1940. Sai Damagaram, a zamanin Sarki Barma Mustafa, ta sami kanta a tsaka mai wuya: a gabas Faransawan da suka yi tawaye, a kudu Ingilishi, waɗanda jiragen yaƙinsu ke tasowa daga Takoradi su sauka Kano kafin su wuce Masar. Haka aka zauna har Nuwamba 1942, da sojojin Amurka da Ingila suka sauka a Maroko da Aljeriya.

Ranar 3 ga Oktoba 1940 gwamnatin Vichy ta kafa dokar da ta hana Bayahude aikin gwamnati, da koyarwa, da hafsanci a soja, da shugabancin jarida. Ta biyu ta biyo baya ranar 2 ga Yuni 1941, tare da umarnin a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. An zartar da dokokin har a ƙasashen da Faransa ke mulka. Masaniyar tarihi Ruth Ginio, wadda ta fitar da littafi a kan shekarun Vichy a Afirka ta Yamma a 2006, ta nuna cewa Yahudawan da aka samu daga Dakar har tafkin Cadi ba su wuce ɗari da 'yan kai ba. Duk da ƙarancin nan, ma'aikata suka zauna suka cika takardu, suka bi asalin mutane, aka sallami waɗanda doka ta ce a sallama. Wannan wurin ne na fi so yara su tsaya a kansa, don kisan gilla irin wannan da alƙalamin akawu yake farawa, tun kafin a ga bindiga.

Akwai kuma layin dogo. A Maris 1941 Vichy ta ba da umarnin gina hanyar jirgin ƙasa da za ta ratsa Sahara daga bakin tekun Bahar Rum zuwa kogin Neja, har sunan kogin aka saka wa aikin. Waɗanda aka tilasta wa fasa dutse a sansanonin Bou Arfa da Berguent da Kenadsa sun haɗa da Yahudawan da suka gudo daga Turai da 'yan gudun hijirar Spaniya. Zafi da duka da cuta suka kashe wasunsu, dogon kuma bai yi nisa da Béchar ba. Wanda kakansa ya yi aikin tilas na Nasara, da ba a soke ba sai 11 ga Afrilu 1946, ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan.

A Turai abin ya wuce nan nesa. An kashe Yahudawa kusan miliyan 6, wasu a bakin ramuka da harsashi, wasu da yunwa, wasu da iskar guba. A sansanin Auschwitz kaɗai, cikin Poland, mutum kusan miliyan 1.1 suka halaka kafin sojojin Tarayyar Sobiyet su shiga ranar 27 ga Janairu 1945. Daga Faransa an kwashi kimanin 76,000, kuma 'yan sandan Faransa ne da hannunsu suka kama fiye da 13,000 a Paris ranakun 16 da 17 ga Yuli 1942.

Tunawa da wannan ba ta zo da wuri ba, ko a can. An yi shari'ar manyan 'yan Nazi na Hitila a Nuremberg a 1945 zuwa 1946, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ranar 9 ga Disamba 1948, amma waɗanda suka tsira da yawa suka yi shiru, duniya ma ba ta matsa da tambaya ba. Shari'ar jami'in Nazi Adolf Eichmann a 1961 ce ta sa aka fara sauraron shaidu da kunnen basira. Faransa kuwa ta kwashe shekara hamsin tana cewa Vichy ba ita ba ce, sai ranar 16 ga Yuli 1995 Shugaba Jacques Chirac ya amsa laifin ƙasarsa a bainar jama'a. Tun da littattafan lakwal ɗinmu daga can suke zuwa, shirunsu ya zama namu. A namu zamanin, abin da ya rage mana a kai daga darasin yaƙin duniya na biyu shi ne sunayen janar-janar da ranakun yaƙe-yaƙe don jarrabawa. Kisan Yahudawa layi biyu ne da mushe ya karanta muka kwafa.

A Nuwamba 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 27 ga Janairu ta zama ranar tunawa a duniya, ta kuma nemi ƙasashe su koyar da yaransu. A Afirka, wasu sun riga ta. An buɗe cibiyar tunawa a Cape Town a 1999, daga baya Afirka ta Kudu ta saka darasin cikin manhajarta a 2007 tana haɗa shi da tarihin wariyar launin fata. Ruwanda ta buɗe nata wurin tunawa a Kigali a 2004, shekara goma bayan kisan Tutsi, kuma a ciki akwai sashen da ke ba da labarin Yahudawa da na Herero na Namibiya, waɗanda Jamus ta yi wa kisan ƙare dangi tun 1904. Kowace ta shiga labarin ta ƙofar gidanta.

Mu ma muna da ƙofa. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, ta yi ɓarna a Lugu da Birnin Ƙonni kafin ragowarta ta ci Damagaram a ƙarshen Yuli, bayan yaƙin Tirmini. Abdoulaye Mamani ya rubuta wannan a 1980, André Salifou, wanda jami'ar garin nan ke ɗauke da sunansa, ya bar mana tarihin sarautar. A Yuni 1940 kuma sojojin Jamus sun ware baƙaƙen sojojin Faransa daga cikin fursunoni suka harbe su, a Chasselay da wasu wurare, saboda fatarsu kawai. Marubuci Aimé Césaire ya faɗa tun 1950 cewa abin da Hitila ya yi a Turai, an daɗe ana gwada irinsa a kan mutanen da aka mallaka. Yana da gaskiya mai yawa, sai dai kada malami ya mai da su abu guda. Voulet ganima da ƙasa yake nema. Nazi kuwa sun kafa ma'aikata sukutum don kada jariri ɗaya na wata al'umma ya rage a doron ƙasa.

Na san abin da wani zai ce a fada, ana shan shayi: Falasɗinu fa? Tambaya ce mai nauyi, kuma jinin Gaza ba ƙarami ba ne a wurin kowa a nan. Amma yaran da aka shaƙe a Auschwitz sun mutu kafin a kafa Isra'ila a 1948, ba su ƙwace gonar kowa ba. Ni abin da ya fi damuna shi ne yaron da ke yi wa abokinsa laƙabi da Hitila don yana ganin sunan jarumi ne, a garin da ya ga an ƙone majami'u ranar 16 ga Janairu 2015.

Malaman tarihi na Damagaram, in 27 ga Janairu ta zagayo, ku ba abin awa ɗaya, da Hausa in da hali. Ku fara da dokar 3 ga Oktoba 1940, ku gaya wa yaran cewa ta yi aiki a garinsu.