Kumburin Fankiriyas na Farat Ɗaya: Nazari a Kan Gano Shi da Jinyarsa

Gabatarwa

Fankiriyas gaɓa ce da ke kwance a bayan tumbi. Tana samar da insulin mai daidaita sukarin jini, tana kuma zuba wa ƙaramin hanji sinadaran narkar da abinci. A ƙa'ida waɗannan sinadarai ba sa fara aiki sai sun isa hanji. Idan suka farka tun suna cikin gaɓar, sai su shiga cin namanta har ta kumbura, kamar yadda Hans Chiari ya bayyana a 1896. Wannan nazari ya duba yadda ake gano cutar da yadda jinyarta ta sauya, daga yawan shisshigi zuwa taka-tsantsan.

Musabbabi

Tsakuwar matsarmama da shan barasa su ne kan gaba. Bututun matsarmama da na fankiriyas ƙofa ɗaya suke bi su shiga hanji, don haka ƙaramar tsakuwa tana iya toshe su duka. Eugene Opie ne ya nuna wannan alaƙa a asibitin Johns Hopkins na Amurka a 1901. Sauran dalilan sun haɗa da yawan maiƙo ko kalsiyam a jini, wasu magunguna, bugu a ciki, hangum, da macijin ciki idan ya shige bututun. Masu sikila sukan yi tsakuwar matsarmama tun suna yara, saboda yawan fashewar ƙwayoyin jininsu, don haka bai kamata a jingina kowane ciwon cikinsu ga tashin sikila ba.

Ganowa

Ma'aunin Atlanta, wanda aka tsara a 1992 aka sabunta a 2012, ya shardanta samun biyu daga cikin abubuwa uku. Na farko, ciwo mai tsanani a ƙahon zuci da ke ratsawa zuwa baya, galibi tare da amai. Na biyu, sinadarin narkar da abinci na lifes ko amiles a jini ya ninka iyakar da aka saba aƙalla sau uku. Na uku, hoto ya nuna kumburin. Lifes ya fi amfani, domin amiles yakan sauka cikin 'yan kwanaki, majinyacin da ya makara kuwa sai gwajin ya fito kamar lafiya lau.

Makarar nan abu ce sananniya a wurinmu, inda kusan duk ciwon saman ciki olsa ake kiransa, a sha magani a gida har kwanaki su shuɗe. Shi ma likita sai ya kawar da hujewar gyambon ciki, hujewar hanji ta taifod, toshewar hanji da bugun zuciya, domin wasunsu ma suna ɗaga amiles, kuma wasu tiyatar gaggawa suke buƙata.

Kowane majinyaci yana buƙatar hoton alturasawun don neman tsakuwa. Hoton siti sikan kuwa ba ya nuna ruɓewar nama sosai sai bayan awa 72 zuwa 96, saboda haka gaggawar yin sa asarar kuɗi ce, sai fa idan ana shakkar cutar.

Auna Tsanani

Yawan lifes a jini ba ya nuna tsananin cutar. Abin da ke nunawa shi ne halin huhu, ƙoda da zagayawar jini. Kusan kashi 80 cikin 100 na majinyata sukan warke cikin mako guda ba tare da wata gaɓa ta gaza ba. Idan gaɓa ta gaza amma ta farfaɗo kafin awa 48, ciwon matsakaici ne. Idan ta wuce haka, ya zama mai tsanani, kuma a nan mafi yawan mace-mace suke.

Jinya

Da can ana ɗura wa majinyaci ruwa da yawa, a hana shi abinci, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta don riga-kafi, a buɗe cikinsa da wuri. Bincike ya rage wa kowanne daga cikin huɗun ƙarfi.

Binciken WATERFALL kan ƙarin ruwa da aka jagoranta daga Sifen, wanda ya fito a 2022, an dakatar da shi kafin lokaci. Cikin waɗanda aka yi wa ƙarin ruwa da yawa, kusan kashi 20 cikin 100 ruwan ya yi musu yawa a jiki, alhali kashi 6 ne kawai a rukunin da aka ba ruwa daidai gwargwado, kuma yawan ruwan bai ƙara sauƙi ba. Yanzu ana ba da ruwan Ringa daidai gwargwado, ana lura da fitsari da bugun jini.

Abinci kuwa ana fara shi da zarar amai ya lafa, ko ta baki ko ta bututun hanci, domin hanjin da aka bari fayau yakan bar ƙwayoyin cuta su tsallaka cikin jiki. Maganin kashe ƙwayoyin cuta sai an ga alamar sun shiga. Maganin ciwo kuma ba a yi masa rowa.

Idan ruɓaɓɓen nama ya kamu da ƙwayoyin cuta, binciken PANTER na ƙasar Holan a 2010 ya nuna fara zuƙe ruwan da ya taru a wurin da bututu ya fi buɗe ciki, har kashi 35 cikin 100 ba su buƙaci tiyata ba. Akan so a jinkirta taɓa wurin kimanin mako huɗu, har wurin ya yi wa kansa ganuwa.

Wuri biyu ne jinkiri ke da illa. Idan tsakuwa ta toshe bututu har aka samu shawara da zazzaɓi, a buɗe shi da na'urar leƙen ciki cikin awa 24. Sannan idan ciwon mai sauƙi ne kuma tsakuwa ce sila, a cire matsarmama kafin sallama. A binciken PONCHO na 2015, kashi 17 cikin 100 na waɗanda aka jinkirta wa sun sake shiga matsala, waɗanda aka yi wa nan take kuwa kashi 5.

Kammalawa

Abin da ke ceton rai a kwana biyun farko bai fi ƙarfin babban asibitin gari ba: tuna cutar idan an zo da “olsa” mai ratsa baya, gwada lifes, auna fitsari da numfashi a kai a kai, da tura wanda gaɓarsa ta fara gazawa zuwa asibitin koyarwa ba tare da jira ba. Bayan sauƙi kuma a magance silar, ko tsakuwa ce, ko barasa, ko maiƙon jini, domin maimaituwar kumburin tana iya lalata gaɓar har ta kai ga ciwon suga.