Haƙar Kuza da Tarihin Yunƙurin Ceto Ƙasar Noma da Kurmi a Tsaunin Jos

1.0 Gabatarwa

Matafiyin da ya bi hanyar da ta tashi daga Jos ta ratsa Bukuru zuwa Barikin Ladi zai yi ta cin karo da tsibin jar ƙasa, da tafkuna masu zurfi, da kuma layukan itacen turare. Waɗannan duka gadon haƙar kuza ne. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aka yi hasarar ƙasar noma da itatuwan wannan yanki, da irin yunƙurin da aka yi na ceto su. Za a nuna cewa an fi samun nasara a wuraren da aka yi la'akari da abin da ƙasar take nufi ga mazauna cikinta, kuma aka sa hannunsu a aikin.

2.0 Tsaunin Jos Kafin Zuwan Kamfanoni

Faɗin tsaunin Jos ya kai kimanin murabba'in kilomita 8,600, tsayinsa kuwa ya haura mita 1,200 daga doron teku. Daga nan ne kogin Kaduna da na Gongola suka samo asali, haka ma kogin Dilimi wanda ruwansa yake gangarawa ta Jama'are ya nufi yankin tafkin Cadi. Ke nan duk abin da ya taɓa ƙasar wannan tsauni, ya taɓa ruwan sha da noman al'ummomi masu nisa da shi.

Birom da Afizere da Anaguta da Irigwe da sauran ƙabilun yankin suna da tsarinsu na tattalin ƙasa tun kafin mulkin mallaka. Sukan noma acca da tamba da dauro da rizga, su hutar da gonakin jeji na wasu shekaru, su kewaye gidaje da gonakin gida da shingen ƙerana, wanda yake tare dabba da mahara, ya kuma rage gudun ruwan sama. Bugu da ƙari, kusan kowane ƙauye yana da kurmin da aka keɓe domin ibadar gargajiya, wanda ba a saran itacensa. Irin wannan kurmi yakan kasance a gindin dutse ko a bakin rafi, saboda haka hanin da addini ya yi shi ne ya tsare idon ruwa. Ita ma kuza an san ta, domin Hausawan Liruwen Kano da Liruwen Dalma sun daɗe suna narka ta suna fataucinta, sai dai aikinsu bai wuce wanke yashin rafi da ƙananan ramuka ba.

3.0 Zamanin Kamfanoni

A shekarar 1902 kamfanin Neja ya aiko George Nicolaus neman tushen kuzar da ake gani a kasuwanni, sannan H. W. Laws ya biyo baya a 1903 ya kafa sansani a wajen Naraguta. Zuwa 1910 kamfanonin Ingila sun yi wa yankin rubdugu. A wannan shekara ce kuma dokar filaye ta Arewa ta sanya dukkan ƙasa a ƙarƙashin ikon Gwamna, abin da ya ba gwamnati damar bai wa kamfani hayar gonar da manomi ya gada, a biya shi diyyar da ba ta taka kara ta karya ba. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layin gabas ya iso a 1927, sannan aka kafa kamfanin lantarki na NESCO a 1929, wanda ya yi amfani da magangarar ruwa ta Kurra.

Samuwar lantarki ta canza yanayin ɓarnar. Maimakon diga da kwanon sarki, sai aka koma ga manyan injunan haƙa da famfunan da suke rusa gaɓar rafi da ƙarfin ruwa. Aka riƙa birkice ƙasar sama mai taki ana binne ta a ƙarƙashin jar ƙasa da tsakuwa, laka kuma tana cike rafuka da fadamu, wato wuraren da suka fi kyau ga noma. Daɗin daɗawa, dubban leburorin da suka zo daga Kano da Katsina da Barno da Bauci suna bukatar itacen girki da na jin ɗumi a ƙasa mai tsananin sanyi, don haka gatari ya bi sauran itatuwan da injin bai tuge ba. Sunayen barikokin, irin su Barikin Ladi da Gindin Akwati da Mai Adiko, shaida ne na yadda Hausa ta zama harshen wannan sana'a.

Lamarin ya kai matuƙa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta ƙaƙaba aikin tilas a Arewa, wanda jama'a suka kira ɗiban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 an kwaso dubun dubatar talakawa, kuma da dama sun mutu saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci, kamar yadda Bill Freund ya bayyana a littafinsa na 1981 kan jari da ƙwadago a mahaƙar kuza. A 1943 kuzar da aka haƙo ta haura tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba.

4.0 Dokar 1946 da Dashen Turare

Bayan yaƙi, ƙorafin Birom ya fito fili. Manoman Gyel da ke kusa da Bukuru sun tsaya ƙyam a kan ba za a ƙara karɓe musu gonaki ba, kuma batun ƙasa na cikin abubuwan da suka haɗa kan Birom a siyasance, har aka naɗa Rwang Pam sarkinsu a 1947. Dokar ma'adinai ta 1946 ta ba gwamnati ikon wajabta wa kamfani gyara wurin da ya haƙa, aka kuma kafa sashen farfaɗo da mahaƙai a ƙarshen shekarun 1940. Sai dai dokar ba ta waiwayi ɓarnar shekaru arba'in da suka gabata ba, kuma ba a aiwatar da ita da ƙarfi ba.

Hanyar da sashen ya bi ita ce baje tsibin ƙasa a dasa turare, itacen da asalinsa daga Ostareliya yake. An zaɓe shi ne saboda saurin girma da juriya, da fatan zai ba da itacen wuta, ya kuma gyara ƙasa har a mayar wa manoma. Fata na farko ya cika, na biyu kuwa bai cika ba. Binciken M. J. Alexander, wanda aka buga a 1989 da 1990, ya nuna cewa ƙasar da haƙa ta lalata ta kai kimanin murabba'in kilomita 320, wato kusan kashi 4 cikin ɗari na tsaunin, kuma ɗan ƙaramin yanki ne aka gyara. Ya kuma nuna cewa bayan shekaru masu yawa turaren bai ƙara wa ƙasar wani ƙarfi ba, sai ma tsami da ya ƙara mata. Itacen da aka ga ya inganta irin wannan ƙasa shi ne gawo, wanda kowane manomin ƙasar Hausa ya san gero yana yin kyau a gindinsa. Ma'aikatan gandun daji sun auna nasara da yawan itacen da za a sara, alhali manomi yana auna ta da accar da zai girbe.

5.0 Abin da Jama'a Suka Yi da Kansu

Kamfanonin sun fara ja da baya tun shekarun 1970, kuma rushewar kasuwar kuza ta duniya a watan Oktoban 1985 ta ƙarasa su. Tsofaffin leburori, musamman Hausawan da suka iya noman rani, suka koma lambu a bakin Dilimi da tafkunan da haƙa ta bari, da farko da jigo, daga baya da injin ban ruwa. Da kashin shanu da tokar bolar gari suka mayar da fako ya zama wurin noman karas da kabeji da latas da tumatir, maƙwabtansu Birom kuma suka rungumi sana'ar. Wannan gyara, wanda babu hukumar da ta tsara shi, ya raya ƙasa fiye da dashen turare, ko da yake yana tattare da haɗarin gubar da ke cikin shara da ruwan mahaƙai.

Misali na biyu shi ne dajin Amurum, mai faɗin kimanin kadada 300, a kusa da ƙauyen Laminga da ke gabashin Jos. Mutanen wurin ne suka tsare shi tun kaka da kakanni. A 2001 aka kafa cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a gefensa, bisa yarjejeniya tsakanin Jami'ar Jos da ƙungiyar kare muhalli ta Nijeriya da al'ummar Laminga. An ƙidaya tsuntsaye iri fiye da 300 a dajin, ciki har da wani ɗan jan tsuntsu mazaunin duwatsu wanda sai a 1998 masana suka tabbatar da shi a matsayin jinsi na daban, da wani kuma da yake saka ƙwai a sheƙarsa yana kwaikwayon kukansa.

6.0 Kammalawa

Wannan tarihi bai rufe ba tukuna. Ƙananan mahaƙa suna ci gaba da tona tsofaffin ramuka, tafkunan suna cin rayukan mutane da shanu, ƙarancin fili kuma na cikin abubuwan da ke rura wutar saɓani tsakanin manoma da makiyaya. A watan Fabrairun 2025 gwamnatin Jihar Filato ta ba da umarnin dakatar da haƙar ma'adinai na wani lokaci saboda matsalar tsaro da ɓarnar ƙasa. Darasin da ke cikin bambancin gonar turare da dajin Amurum shi ne, kafin a ba da hayar fili, wajibi ne a tantance kurminsa da idon ruwansa da burtalinsa da maƙabartarsa daga bakin masu shi. A nan akwai aiki a gaban masana harshe, domin wannan ilmi yana ajiye ne a cikin sunayen wurare da na itatuwa a harsunan Birom da Izere da Irigwe da Hausar bariki, kuma dattawan da suka san ma'anarsu suna ƙarewa.