Tsohuwar Jita Ba Itacen Wuta Ba Ce

Ya kai mai karatu, in ka taɓa zuwa wasa a Magarya ko Damagaram, ka ji wata jita mai babbar murya, wadda amonta ke dukan ƙirji. Sunanta bas. Tsirkiyarta huɗu.

A da, bas ta kai tsayin mutum, a ƙasa ake kafa ta. A shekarar 1951 wani Ba'amurke da ya fara da gyaran rediyo, Leo Fender, ya ƙera ƙarama wadda ake ratayawa a kafaɗa. Ya sa mata maganaɗisu da waya, lantarki na ɗaukar amonta zuwa lasifika. Yau irin waɗancan na farko sun fi sababbi tsada nesa.

To, in tsohuwa ta faɗo hannunka, kada ka yar. Kwance tsirkiyoyin. Share ƙurar hunturu da busasshen tsumma mai laushi. Ɗiga mai kaɗan inda tsatsa ta ci. Kada ruwa ya taɓa itacen, kada ka kankare fentin. Wayar da ta tsinke, kai wa mai gyaran rediyo. Ai daga hannun irinsa ta fito.